Tiga, Chalawa ko Galma: Ina Ya Kamata Bazazzagi Ya Kafa Tanti Ya Jefa Fatsa?

Samarin Zariya sun fara sha'awar wani abu da a da sai masunta da mafarauta: a haɗa kuɗin mai, a cika bayan mota da tabarmi da tukunya, a tafi bakin babban ruwa a kwana biyu ana fatsa. Abin yana yi mini daɗi ƙwarai, domin wanda ya kwana yana gadin ƙugiya yakan dawo gida da natsuwar da ba a samu a majalisa. Sai dai ruwan da muka saba da shi, irin dam ɗin jami'a da ke kan Kubanni a Samaru, na zuwa da la'asar ne a dawo kafin magariba. Mai son ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa dole ya fita gari. A nan ne kan abokai ke rabuwa. Wani ya ce Tiga, wani ya ce Chalawa, wani kuma ya ce me zai kai mu ƙasar Kano alhali ga dam ɗin Galma nan a Kubau.

Bari in fara da waɗanda za a cire daga lissafi. Kainji, wanda aka gama a 1968 a kan Kogin Kwara, shi ne mafarkin duk mai son giwan ruwa, amma tafiyar yini guda ce daga Zariya, kuma dazukan da ke kewaye da shi sun daɗe ba su da kwanciyar hankali. Shiroro, da ke kan Kogin Kaduna tun 1990, ya fi kusa, amma kowa ya san abin da ƙauyukan yankin suka gani a hannun 'yan bindiga a shekarun nan. Babu kifin da ya kai a kwana a waɗannan wuraren saboda shi. Saura uku ke nan, kuma ra'ayina a fili yake: mai zuwa karon farko ya nufi Tiga. Amma akwai wanda Chalawa ta fi dacewa da shi, akwai kuma wanda ko kaɗan bai kamata ya wuce Galma ba.

Tiga shi ne babba. An gama shi a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano. In ya cika faɗinsa yakan kai murabba'in kilomita 178, ruwan cikinsa kuwa ya kusa kubik mita biliyan 2. Daga Kwangila ka kama hanyar Kano, ka wuce Tashar Yari da Kwanar Ɗangora, sannan ka saki babban titi ka yi dama ta wajen Bagauda har garin Tiga a ƙaramar hukumar Bebeji. In hanya ta yi kyau tafiyar kamar awa biyu ce. Abin da ya sa na fifita shi ba girman kaɗai ba ne. Tiga wuri ne da ya saba da baƙo tun shekarun da aka gina otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwan. Akwai gari a kusa, akwai masallaci, akwai mai shayi da mai faci da kemis, akwai masunta masu yawa da ba sa mamakin ganin mota ta tsaya da baƙin fuska. Wanda bai taɓa kwana a waje ba yana buƙatar irin wannan wurin, inda in taya ta yi faci ko wani ya tashi da zazzaɓi cikin dare akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Bakin ruwan Tiga kuma iri-iri ne. Akwai inda duwatsu suka gangaro har cikin ruwa, musamman ta wajen Rurum, akwai kuma shimfiɗaɗɗun gaɓoɓi masu ciyawa. Ga mai fatsa wannan ba ƙaramin abu ba ne: gindin dutse mai zurfi wurin ragon ruwa ne da kurungu, gefen ciyawa kuwa nan karfasa ke kiwo, tarwaɗa kuma ta fi son lungu mai laka inda rafi ke shigowa. Ka ga a tafiya ɗaya za ka iya gwada hannu uku.

Laifinsa biyu ne. Na farko, ruwa mai faɗi iska na samun wurin gudu a kansa. Da safe za ka gan shi lumui, da azahar kuma ya tashi da igiyar da ke jijjiga kwale-kwale. Na biyu, wutsiyarsa ta kudu ta kai gefen dajin Falgore, inda Kogin Kano ke fitowa, kuma dajin ya taɓa yin ƙaurin suna wajen ɓarayin shanu da 'yan fashi. Saboda haka in na ce Tiga, ina nufin ɓangaren da ke kusa da gari da madatsar, ba can ƙuryar da babu kowa ba.

Chalawa, wato dam ɗin da ke Karaye, an gama shi a 1992 a kan Kogin Chalawa, kuma ruwansa ya kai kusan rabin na Tiga. Shi ma babba ne, ya shimfiɗu tsakanin ƙasar Karaye da Rogo da Kiru. Hukuma ɗaya ce ke kula da su biyun, ta raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Kifayen ma kusan iri ɗaya ne. Bambancin yana wajen mutane da hanya. Chalawa ya fi shiru, ba wurin 'yan yawon buɗe ido ba ne, kuma kafin ka kai bakin ruwa a wurare da yawa sai ka bi hanyar burji ko ta gona, wadda ƙaramar mota ke shan wuya a kanta in ƙasa ta jiƙe. Mai dangi ko aboki a Rogo ko Karaye, wanda zai sauka a gidan wani a kai shi wurin masunta da hannu, zai iya jin daɗin Chalawa fiye da Tiga, don ba hayaniya kuma za a ɗauke shi ɗan gida. Wanda bai san kowa ba kuwa, baƙo ne da tanti a gefen ƙauye a lokacin da kowa ke ɗar-ɗar da baƙi. Ba zan ba shi shawarar ya fara daga nan ba.

Galma namu ne na gida. Madatsar tana Kuzuntu a ƙaramar hukumar Kubau, ana bi ta hanyar Soba, kuma an yi ta ne musamman don ruwan shan Zariya da kewaye da noman rani. Ba ta kama ƙafar Tiga a girma ba. Amma ga mai iyali, ko malamin da zai fita da ɗalibai, ko wanda aljihunsa bai kai na kwana biyu ba, ita ce daidai: a fita bayan asuba, a yi fatsa har rana ta take, a soya abin da aka samu, a dawo gida kafin duhu. Wannan tafiyar ba ta buƙatar tanti, kuma ni ban ga dalilin da zai sa a kwana da yara a bakin ruwa ba. Wani ɗan bambanci da masu lura da addini za su tambaya: a mazhabar Malikiyya ana ƙasaru ne a tafiyar da ta kai mil 48, kusan kilomita 80. Tafiyar Tiga daga Zariya ta wuce haka, don haka mai kwana biyu a can zai yi azahar da la'asar da isha'i raka'a bibbiyu.

To, an zaɓi wuri. Zaɓi na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne inda za a kwana. Hoton da ke kan yawancin matasa shi ne na tanti shi kaɗai a wani lungu, ba gida gaba ba gida baya, wuta na ci a gefe. A ƙasarmu ta yau wannan ganganci ne. Hanya biyu ce mai hankali zai duba. Ko dai a kama ɗaki a gari a riƙa fitowa bakin ruwa da asuba, ko a kafa tanti a gefen mashigar masunta da izinin masu wurin. Ɗaki ya fi kwanciyar hankali, ba sauro sosai, ga banɗaki. Amma mai ɗaki ya yi asarar dare, kuma dare ne lokacin tarwaɗa da ragon ruwa. Tanti a gefen masunta shi ke haɗa biyun, kuma shi na zaɓa.

Yadda ake neman izinin shi ne kusan rabin tafiyar. Ku isa da rana tsaka, kada ku isa da magariba. Kafin a sauke ko tabarma ɗaya, babban cikinku da mutum guda su nemi Sarkin Ruwa ko mai unguwa, da ɗan goro ko abin goro a hannu. A durƙusa a gaisa sosai, a tambayi iyali da ruwa, sannan a ce: "Ranka ya daɗe, baƙinka ne daga Zariya. Fatsa muka zo yi ta kwana biyu, ba mu da taru ba mu da kalli. Muna neman inda za ka ce mu sauka." Sau da yawa zai kira wani yaro ya ce, "Kai su wajen Baba wane, ka ce baƙina ne." Daga wannan kalmar kun zama amanar gari. 'Yan sintiri sun san da ku, ba wanda zai ga hasken tocila da dare ya yi zaton ɓarayin raga ne, kuma za a gaya muku inda aka shimfiɗa kalli, wato ragar kifi, da mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, don kada ƙugiyarku ta sarƙe da abincin wani. Da ɗan gari akan ci gari. Jikin madatsar kanta da wajen ƙofofin sakin ruwa kuwa hurumin ma'aikatan hukuma ne, kada a matsa can sai sun yarda, kuma ƙasan madatsa ba wurin zama ba ne don ana iya sakin ruwa ba ku sani ba.

Wurin kafa tantin ya zama tudu, busasshe, nesa kaɗan da ruwa. Ku lura da wani abu game da Tiga: ruwansa ne ke bi ta babbar hanyar ruwa zuwa gonakin Kadawa da Kura, inda tumatir da shinkafa da alkama ke fitowa. Saboda haka duk rani ruwan yana ja da baya, yana barin ƙasa mai danshi, manoma kuma suna bin sa da shuka. Filin da ka gani kamar ba na kowa ba, wataƙila gonar wani ce da bai daɗe da shukawa ba. Ga kuma laka mai kama da busasshiya a sama, wadda ke haɗiye tayar mota har gindi. A bar mota a kan tudu a ƙarasa da ƙafa.

Tsakanin tanti na gwanjo da tamfol da gidan sauro, ban ga abin dogon tunani ba. In an samu tanti mai zif da raga a Kasuwar Sabon Gari, madalla, a kafa shi a tsakar gida tukuna a ga ko sandunansa sun cika. In ba a samu ba, tamfol a sama, tabarma a ƙasa, gidan sauro mai magani a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, ya wadatar in ba damina ba. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne gawayi: kada a shiga da kurfoti cikin rufaffen tanti don jin ɗumi, hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum cikin barci. A share ciyawa da duwatsun da ke kewaye, a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, kuma ba mai fita fitsari da dare ba tocila ba takalmi, don kububuwa da kasa da dare suke yawo.

Sai lokaci. Da kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa a cike yake, gari kore, kifi ya ƙoshi ya bazu cikin ciyawar da ruwa ya shanye. Wurin yana da kyan gani amma sauro ya yi yawa, kifin kuma yana da abinci ko'ina, bai damu da tanarka ba. Tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, kwana ya fi daɗi ta wajen sauro, sai dai sanyin bakin ruwa ya ninka na cikin gari, kuma kifi kan lafa a ƙasa ya rage ci idan ruwa ya yi sanyi. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu tarwaɗa na motsi sosai da ruwan farko, amma lokacin ne hadari ke tasowa da iska ba sallama, ya tsige tanti ya kife jirgi. Ni a ganina tsakiyar Fabrairu zuwa Maris ta fi: sanyi ya sauka, ruwa ya fara ɗumi ya kuma ja baya, kifi ya taru a wuraren da aka sani, sama kuma ba hadari. Zafin rana ne kawai abin jurewa, shi ma tsakanin hantsi da la'asar ba lokacin fatsa ba ne, lokacin inuwa ne da shayi. A duba kalanda kuma, don a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a daidai wannan tsakanin.

Fatsa daga gaɓa ko shiga kwale-kwale? Jirgi yana kai ka inda manyan suke, wajen tsofaffin kututturan itatuwan da ruwa ya shanye da bakin tsohuwar hanyar kogi. Amma yawancinmu 'yan Zariya ba mu iya iyo ba, wanda ya iya ma a kududdufi ya koya. Mutanen Kano ba su manta da ƙarshen Nuwamban 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya, kuma lodi fiye da ƙima na cikin abin da aka ɗora wa laifi. In za a shiga, to da rigar kariya a jiki, a ɗaure, ba a ajiye a gefe ba. Mutum biyu da mai jirgi sun isa. A fita da sassafe a dawo kafin iska ta tashi, ba mai miƙewa tsaye don ɗaukar hoto, kuma in mai jirgi ya dubi sama ya ce a koma, a koma. Wanda ba shi da rigar ya zauna a gaɓa, ba abin kunya ba ne, kuma gaɓar Tiga tana ciyar da mai haƙuri.

Kayan fatsa ma ana yawan ɓata kuɗi a kansu. Sandar kanti mai ƙarfen naɗi tana jefa ƙugiya nesa, tana kuma taimako in babban kifi ya kama. Amma ga karfasa, doguwar gora ko gwangwala da zaren lilo siriri da ƙaramar ƙugiya sun fi ta aiki. Da asuba, bayan salla, ka sami gefen ciyawa inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Ka jiƙa dusa ka dunƙula, ka jefa dunƙule biyu uku a wuri ɗaya, ka zauna shiru kada inuwarka ta faɗa kan ruwan. Ka soka tana ta rufe ƙugiyar duka, ɗan guntun dalma a sama da ita, totuwar kara kuma a matsayin alama. Totuwar za ta fara rawa, tana ɗan nutsewa tana tasowa. Kada ka ja, ƙanana ne ke tsakura. Sai ka ga ta kwanta ta yi gefe a hankali kamar ana janta, to a nan za ka ɗaga hannu, ɗagawa ɗaya ba fizga ba, domin bakin karfasa ba ya jure fizga.

Tarwaɗa da ragon ruwa kuwa aikin dare ne da hanci. Zare mai kauri, babbar ƙugiya, dalma mai nauyi da za ta kwantar da abincin a ƙasa, sannan abu mai ƙarni: hanjin kaza, yankan kawara, ko tana da yawa a cure. A kafa sanduna biyu ko uku a gaɓa bayan isha'i, a ɗaura wa kowace ɗan gwangwani da tsakuwa a ciki don ya yi ƙara in an taɓa. Mutum biyu su yi gadi, saura su kwanta, a riƙa canji. In kurungu ya kama a yi hattara da ƙayoyinsa uku, na baya da na gefe biyu, sukarsu na da raɗaɗi sosai, a riƙe shi da tsumma. Ƙananan kifi a mayar da su ruwa. Wanda kuma ya zo muku da maganar zuba magani a ruwa don kifi ya taso, ku rabu da shi: haramun ne a doka, guba ce ga mai ci, kuma ruwan nan mutane da dabbobi ke sha.

Akwai cutar da ba a ganinta sai an dawo gida. Ruwan dam da ba ya gudu, musamman gefen ciyawa, gidan ƙananan katantanwa ne masu ɗauke da tsargiya, kuma ƙwayar tana shiga ta fata ne, ba sai an sha ba. Wanka da iyo a gefen dam ba su da amfani, mai shiga ruwa ya sa takalmin roba mai tsawo. A zo da ruwan sha da na alwala a jarka daga gari. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan wasu makonni, ko zazzaɓi ya kama shi, ya je asibiti ya faɗi inda ya je, maganin tsargiya sananne ne kuma yana aiki.

Guzuri kada ya dogara da kifin da ba a kama ba. Shinkafa, taliya, garin kwaki da ƙuli-ƙuli, mangyaɗa, albasa, yaji, kayan shayi da burodi, su ne za su riƙe ku in ruwa ya hana. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, don sabis na ɗaukewa kuma masunci ba ya jiran alat. In fatsa ba ta yi ba, da hantsi jirage ke dawowa mashiga, a sayi kifi a hannun waɗanda suka sauke ku, hakan ma wani nau'in godiya ne.

Abin da za a kawo wa iyali shi ne zaɓi na ƙarshe, ɗanye ko banda. Ƙanƙarar da aka zuba a kula daga Zariya ba ta wuce yini guda da rabi a zafin Maris, don haka kifin daren farko ba zai kai gida ɗanye ba. Shi a ba matan mashiga su yi bandarsa a biya su, tarwaɗa da kurungu sun fi karɓar hayaƙi. Na safiyar dawowa kaɗai za a fede, a cire kayan ciki, a wanke da ruwan jarka, a jera cikin ƙanƙarar da aka saya sabuwa a gari. Tarwaɗa mai rai kuwa tana iya kaiwa Zariya a bokiti da ɗan ruwa kaɗan in an rufe da buhu mai huda, domin tana shaƙar iska. A kwashe leda da gwangwani da guntayen zare, a kashe wuta da ruwa, a koma wajen Sarkin Ruwa a yi sallama, sannan a kama hanya tun kafin la'asar, don a wuce Kwanar Ɗangora da Tashar Yari da sauran rana.